Motar Abu Nasir da Dillancin Kano a Riyad

Tun da na dawo ban huta ba. A layinmu na 'yan mota, a masallaci, har a wajen ɗaurin aure, kowa sai ya ja ni gefe yana tambaya yaya Riyad ɗin take, kuma wai da gaske ne na shiga motar tsere. Na ba da labarin har ya fara canja kama a bakin mutane. Jiya na ji wani yana faɗa wa jama'a wai Alhaji Bala suma ya yi a cikin motar, sai da aka yayyafa masa ruwa. Ban suma ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi yadda ya faru, wanda bai gamsu ba ya nemi biza ya je ya gano.

Sabi'u, autanmu, shi ne dalilin tafiyar. Bakanike ne, ya daɗe a can yana aiki a wani ƙaramin gareji na kafil ɗinsa, wato uban gidan da ya tsaya masa a takardun zama, wani dattijo da ake kira Abu Nasir. Wata rana muna waya sai na ji muryarsa ba daɗi. Da na matsa masa ya ce akwai wata mota da dole su sayar, kuma cinikin ya ƙi. Na ce kai Sabi'u, kana da yaya dillalin mota wanda ya tsufa a harkar, shi ne kake zaune da damuwa? Ashe dattijon yana kusa. Da aka fassara masa abin da na ce sai ya yi dariya, ya ce a yi mini takardar ziyara in zo in ga ƙanina, in kuma nuna musu dillancin Kano.

Uwargidana Hajiya ta cika mini jaka da kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da daddawa, ta ce yaron nan ya yi shekaru bai sha miyar kirki ba. Muka tashi daga Kano, muka yada zango a Alkahira. A nan na haɗu da wani ɗalibi ɗan Damagaram mai komawa jami'a, siriri, mai natsuwa, wanda ya ɗauke ni kamar kawunsa tun daga nan har muka sauka a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Wajen ɗaukar hoton yatsu na'urar ta ƙi karɓar nawa, sai da jami'in ya nuna mini in goga su a goshi, maiƙon fuskata ya cece ni. Daga nan aka ce in buɗe jaka. Da mutumin ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya sansana ya ja da baya. Ɗalibin nan ya gyara tsayuwa ya shiga yi musu bayani da Larabcin littafi, irin na huɗuba, yana kawo itacen ɗorawa da yadda ake dafa ƙwayar a rufe ta. Suka saurare shi da ladabi har ya gama, sannan suka yi dariya suka ce in ƙulle abina da kyau, kada in sake buɗewa sai na isa gida.

Sabi'u na tsaye a waje. Ya yi furfura a gemu, abin da ban shirya gani ba. Ya rusuna zai gaishe ni na rungume shi, na ce masa ya rame, ya ce ni kuma na ƙara faɗi, muka tafi.

Masaukina ɗakinsa ne a saman garejin, a Gubaira, tsohuwar unguwa mai cike da masu walda da masu faci da ƙananan shaguna. Da safe mukan sayo wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis, mu ci da dafaffen wake da aka dama da man zaitun. Da rana shinkafa, da dare shinkafa, kullum da kaza kwance a kai. Ranar da na kaɗa masa miyar kuka, Sabi'u ya ci tuwon har ya siɗe kwanon. Abin da ya fi ba ni mamaki a titinsu shi ne, ka tsaya a cunkoso ba mai kawo maka ruwan leda ko cajar waya ta taga. Na ce wa Sabi'u mutanen nan suna asarar kasuwa.

Washegarin zuwana ya yaye wani tampol a ƙuryar garejin ya ce ga ta nan. Na ce to, ina motar? Abu ne ƙasa-ƙasa, da ƙyar ya wuce gwiwata. Ba rufi, ba ƙofa, tayoyin gaba a waje kamar ƙafafun fara. Kujeru biyu na roba tsura ba katifa. Ba rediyo, ba esi, a ƙasar da rana ke gasa mutum a tsaye. Lamba ma babu, domin ba a hawa titi da ita, sai dai a ɗora ta a sadaha, wato motar da ke goya mota, a kai ta filin tsere a wajen gari. Sabi'u ya ce a cikin akwatuna ta zo daga Turai, gunduwa-gunduwa, lokacin da Abu Nasir ya yi ritaya. Shekaru suka yi suna haɗa ta bayan la'asar, dattijo na karanta littafin yana nuni, shi yana ɗaurewa. Ya ce duk darajarta a rashin nauyi take, ranar da suka samu abin cirewa a jikinta ranar murna ce. Ya faɗa mini wannan sarai, amma ni hankalina yana kan yadda zan yi mata kwalliya.

Da yamma muka je gaishe da dattijon a gidansa a Al-Naseem. Ɗan ƙaramin mutum ne mai farin gemu, idanunsa sun yi shuɗi-shuɗi. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Aka kawo gahawa a wani ɗan finjali, ita ma ba a cika ba, ɗan kaɗan a gindi. Na ce a raina wannan wace irin rowa ce a gidan mai hali. Ina shanyewa ana ƙarawa, ina shanyewa ana ƙarawa, har zuciyata ta fara bugu, sai Sabi'u ya raɗa mini in girgiza finjalin in na ƙoshi. Sannan dattijo ya tambayi sunan ɗana na fari, domin su da shi suke kiran mutum. Na sunkuyar da kai. Sabi'u ya yi masa bayani cewa mu a wajenmu kunya ce uba ya kama sunan ɗan fari. Abu Nasir ya ce ikon Allah, shi da ake kiransa da sunan nasa tun yaron yana zanen goyo. Sabi'u ne ya faɗi sunan a madadina, daga ranar na zama Abu Usman.

A nan na fahimci abin da ke cin ƙanina. Idanun dattijon sun yi rauni, likita ya hana shi tuƙi. Wata rana Nasir, babban ɗansa, ya neme shi a gida ya rasa, ya same shi a gareji zaune cikin motar, injin na aiki, hannunsa a kan giya. Nasir ba mugu ba ne, na gan shi yana gyara wa uban matashi, tsoro ne ya kama shi. Ya ce muddin motar nan tana nan, wata rana za a kira shi a waya da mummunan labari. Ya ba su zuwa ƙarshen mako, in ba a samu mai saye ba zai kira mutumin tashlihi, su ne 'yan gwangwan ɗin can. Mutumin ya riga ya zo ya gani, injin da giya yake so, sauran ya yanka. Sabi'u ya ce mini a hanya, yana kallon titi:

"Yaya, babu kusa ɗaya a jikinta da ban taɓa da hannuna ba. In aka yanka ta, ban san yadda zan kalli Ammi ba."

Ammi yake ce wa dattijon, kamar mu ce Baffa. Na buga ƙirji na ce ya bar mini komai.

Ana nan sai wani ya kira a waya ya ce ya ga tallar motar da Sabi'u ya sa, zai zo bayan azahar. Da safen ranar aka kira Sabi'u gyaran wata mota da ta mutu a hanya, ya bar ni da makulli. Ni kuwa na ce yau za su ga aiki. Na zagaya shagunan Gubaira da Larabcina na aikin hajji da nuni da hannu. Na sayo kafet mai kauri na yanka na shimfiɗa mata a ƙasa. Na sa wa kujerun nan matasai, na yi wa sitiyari riga mai gashi, na rataya turare. Na wanke injin tas har yana ɗaukar ido, na goge tayoyi da baƙin mai. Wallahi da a layinmu ne, da kafin in gama an taya.

Mai sayen ya riga Sabi'u isowa. Matashi ne mai suna Majid, mai fara'a, daga can gabas bakin teku yake, ya shigo Riyad ne na 'yan kwanaki. Yana jin Turanci, ni ma ina da nawa na kasuwa. Ya kalli kafet, ya kalli rigar sitiyari. Ya durƙusa ya shafa gefen taya, ya duba yatsunsa. Sannan ya tambaye ni sau nawa aka kai ta filin tsere. Duk dillalin da ya san aikinsa ya san amsar wannan tambayar, ni kuma na ba da ita yadda na saba ba da ita shekara da shekaru. Na ce tsere kuma? Allah ya kiyaye. Wannan motar dattijo ce, ba a taɓa gudu da ita ba, daga gida sai masallaci.

Majid ya dube ni, ya dubi motar da ba ta da lamba, ya sake duban taya. Ya yi godiya mai yawa, ya ce zai yi shawara, ya shiga motarsa. Sabi'u ya iso daidai lokacin da yake shan kwana.

Na so a ce ƙanina ya yi mini faɗa. Bai yi ba, ni yayansa ne. Ya saurari yadda aka yi, ya ce sannu da ƙoƙari Yaya, sannan ya durƙusa ya fara cire kafet a hankali, ya naɗe, ya ajiye a gefe. Ya ɗebo ruwa da sabulu ya zauna yana wanke man da na shafa wa tayoyi, domin wai da shi za ta iya zamewa a kwanar farko. Sai daga baya ya ce mini masu sayen irin wannan motar wadda aka gwada suke nema. Gefen taya ya riga ya gaya wa yaron cewa ta sha gudu, wankakken inji kuma a wajensu alama ce ta ana ɓoye yoyo. Na zauna a kan wani tsohon batir ina kallon ƙeyarsa, raina ya ɓaci ƙwarai, domin na zo taimako na ƙara masa nauyi.

Ni da kaina na ce mu je in faɗa wa dattijon. Da Sabi'u ya fassara masa maganar masallaci, Abu Nasir ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka kawo ruwa. Ya ce da yana zuwa masallaci da ita da bai taɓa rasa sahun farko ba. Da ya natsu sai ya ce ranar Asabar ana buɗe filin ga masu irin waɗannan motoci, a ɗora ta a kai ta, masu sonta a can suke. Nasir ya yarda, da sharaɗin uban ba zai taɓa sitiyari ba, ya kuma ce in an dawo da ita to mutumin tashlihi zai zo ranar Lahadi.

Filin yana can bayan gari, kwalta ce mai lanƙwashe-lanƙwashe a cikin fili fetal. Lokacin sanyinsu ne, rana ba zafi. Mutane sun kafa rumfuna, kowa da butar gahawarsa da akwatin sifanu, babba da yaro suna kwance a ƙarƙashin motoci. Ba mai tallar komai. Ana ganin an sauko da Abu Nasir sai aka yi ta zuwa ana sumbatar kansa.

Dattijo ya ce kafin komai a zagaya da Abu Usman, domin dillali ya san abin da yake sayarwa. Na ce na yafe, aka ce ba a yafewa. Aka ba ni rigar aikin Sabi'u, ta ƙi rufuwa a ciki. Aka kifa mini hular kwano. Shigarta ma aiki ne, sai ka taka kujera ka tsaya, sannan ka zura ƙafafu ka sulale kamar mai shiga buhu. Sabi'u ya ɗaure ni da bel ta kafaɗu da ƙugu har numfashi ya yi wuya, sannan ya shiga kujerar direba. Mazaunaina kuwa saura kaɗan su taɓa kwalta.

Kai jama'a, yaron nan da na goya a bayana! Yana taka ta na ji cikina ya koma baya ya bar ni. Muka nufi kwana gadan-gadan, na tabbata ya manta da birki, sai a ƙarshe ya taka, idanuna suka kusa faɗowa cikin hular, motar ta juya kamar an ja ta da igiya. Na karanta duk addu'ar da na sani, har ta shiga kasuwa sai da na yi. Amma a zagaye na biyu na saci kallonsa. Hannunsa na tafiya a kan giya ba gaggawa, kafaɗunsa a sake, ban taɓa ganinsa cikin natsuwa irin ta wannan lokacin ba. Da muka tsaya, mutum biyu ne suka zaro ni, kowa ya kama hammata ɗaya. Ƙafafuna sun ɗan yi gardama, shi ne abin da ake cewa suma.

Ina zaune ana ba ni ruwa sai na ga Majid tsaye a kaina, ashe shi ma ya zo kallo. Ya gaishe ni da fara'a, ya ce da Turanci:

"Alhaji, wannan masallacin naku, a wace kwana yake?"

Na ce ya je ya tambayi mai motar, ni na ajiye aiki.

Aka kai shi gaban Abu Nasir, Sabi'u na fassara mini a kunne. Abin da na ji ya kusa tsayar mini da zuciya. Dattijon nan ya zauna yana lissafa wa mai saye aibin kayansa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ta taɓa ƙwace masa ta faɗa cikin rairayi, ƙarfen tayar gaba ya lanƙwashe, suka canja, ga tsohon can a gareji in yana son gani. Ya ce giya ta uku tana da taurin kai kafin inji ya yi zafi. Ya ce tana gasa ƙafar dama, kuma akwai ɗan yoyon mai da suka yi ta nema ba su gano ba. Ni ina jin wannan ina cewa shi ke nan, ta tafi tashlihi. Shi kuwa Majid, duk aibin da aka faɗa sai ya ƙara matsowa. Da aka gama ya ce yana so.

Abu Nasir ya ce saura nasa sharaɗin. Shi ba ya ganin fuskar mutum sosai yanzu, saboda haka Majid zai ɗauke shi zagaye ɗaya, ya ji hannunsa. In bai yi masa ba, ba ciniki, ko da kuwa gobe za a yanka ta. Na ga fuskar Sabi'u ta canja, amma bai yi musu ba. Ya ɗaga dattijon cak kamar yaro ya zura shi a kujera, ya ɗaura masa bel, ya gyara masa hula, ya sake duba bel ɗin.

Muka tsaya a jikin katanga. Ba ma ganinsu in sun yi nisa, sai ƙarar inji. Sabi'u ya rufe ido, hannunsa na dama yana motsi shi kaɗai duk lokacin da aka canja giya. Can na ji ya ja numfashi, ya ce a hankali, ya jira ta, bai tilasta mata ba. Ban gane ba, amma na ce alhamdu lillahi.

Da suka dawo aka kashe inji, dattijo ya daɗe a zaune bai cire hula ba. Sannan ya miƙa hannu gefe, Majid ya kama da hannu biyu. Da aka fito da shi Majid ya sumbaci kansa ya ce ba zai raba ta da ko kusa ɗaya ba. Aka kira Nasir a waya, na ji muryarsa daga inda nake yana ta hamdala. A layinmu da yanzu ana rigimar la'ada, a nan kuwa sabuwar gahawa aka dafa, ni ma na sha na girgiza finjali kamar ɗan gari.

Majid ya ce da ita zai wuce gabas a ranar. Kafin magariba aka ɗora ta a sadaha, Sabi'u da kansa ya ɗaure tayoyin, ya ja kowace igiya ya gwada, ya yi wa direban bayani har direban ya gaji. Muka tsaya a bakin ƙofar filin, dattijo a tsakiyarmu, ya riƙe hannun Sabi'u. Sadahar ta hau titi ta miƙa. Abu Nasir ya juya fuskarsa wajen da ƙarar ta bi, ya ce wani abu. Sabi'u ya amsa. Bayan ɗan lokaci ya sake tambaya, Sabi'u ya sake ba shi amsa iri ɗaya. Na ce me yake cewa? Sabi'u bai dube ni ba, ya ce tambaya yake ko har yanzu ana hango ta.

Na duba titin. Sadahar ta daɗe da ɓacewa bayan wani tudu, ba komai sai kwalta. Hawaye na bin gemun ƙanina, bai saki hannun dattijon ya share ba. Sai Abu Nasir ya juyo wajena ya ce, Abu Usman? Na gane abin da yake tambaya ba sai an fassara ba. Na kama ɗaya hannun nasa, na ce masa da Hausa:

"Ana hango ta, Baba. Ga ta can tana tafiya."

Ya gyaɗa kai. Muka ci gaba da tsayuwa a wajen har aka kira salla.